Ɗan sarautar da ya ajiye gado ya tafi neman ƙuri'a

A wani shirin rediyo na sharhin siyasa na ji wani bawan Allah yana yabon Birtaniya a kan abin da ni nake gani shi ne babban tabon majalisarta. Cewa ya yi Turawan Ingila sun fi kowa wayo, domin sun ware wa 'ya'yan sarauta kujeru a majalisar dokoki. Wai mutane ne da suka tashi cikin wadata, ba sa neman ƙuri'ar kowa, saboda haka ba sa tsoron kowa, ba sa kuma satar komai. Mai gabatar da shirin ya ce masa haka ne, aka wuce.

Ni ban yarda ba. Duk wanda zai zauna ya yi dokar da za ta hau kan jama'a, wajibi ne jama'ar nan su kasance suna da hanyar sauke shi. Haihuwa a babban gida ba ta isa ta ba mutum wannan kujera ba, ko da gidan na mutanen kirki ne. Shaidar da zan kafa kuwa ɗan cikin gidan ne, Tony Benn, ɗan siyasar jam'iyyar Labour, wanda sarauta ta faɗo masa ba da sonsa ba, ya shafe kusan shekara uku yana kokawa da ita har ya yakice ta.

Yadda sarauta ta raba shi da aikinsa

Majalisar dokokin Birtaniya zaure biyu ce. Akwai Majalisar Wakilai da ake shiga da ƙuri'a. Akwai Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda tsawon ɗaruruwan shekaru yawancin 'yan cikinta gadon kujerar suke yi, daga uba zuwa babban ɗa. A dokar wancan zamani, wanda irin wannan sarauta ta faɗo wa ba shi da damar zama a Majalisar Wakilai, ko yana so ko ba ya so.

Gidan su Benn ba tsohon gidan sarauta ba ne. Mahaifinsa, William Wedgwood Benn, ɗan siyasa ne da ya riƙe ministan harkokin Indiya daga 1929 zuwa 1931. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Churchill ta ga jam'iyyar Labour ba ta da isassun mutane a Majalisar Iyayen Ƙasa, sai aka ba shi sarautar Viscount Stansgate. Wanda zai gaje shi babban ɗansa ne Michael, shi kuwa burinsa ya zama malamin coci, don haka kujerar ba za ta tare masa hanya ba. Sai ƙaddara ta gitta. Michael matuƙin jirgin yaƙi ne, ya mutu a haɗarin jirgi a 1944, gado ya dawo kan ƙanensa Tony.

A 1950 mutanen mazaɓar Bristol ta Kudu maso Gabas suka zaɓi Tony Benn wakilinsu, yana ɗan shekara 25. Tun daga ranar ya san aikinsa a rataye yake da numfashin mahaifinsa. A 1955 ya nemi a yi masa doka ta musamman don ya yafe gadon tun bai zo ba, iyayen ƙasa suka ƙi. Mahaifin da kansa ya sake kai maganar zauren, nan ma aka ƙi.

A watan Nuwamba na 1960 tsohon ya mutu. Daga wannan rana Benn ya daina zama ɗan Majalisar Wakilai. Ba a kama shi da laifin komai ba, waɗanda suka zaɓe shi ba su ce sun gaji da shi ba. Kwamitin majalisar da ya duba kukansa ya dogara da wani tsohon hukunci na ƙarni na 17 da ya ce sarauta a cikin jini take, ba mai iya cire ta.

Aka sa zaɓen cike gurbi a watan Mayu na 1961. Benn ya ce zai tsaya, ya kuma tsaya. Kowa a Bristol ya san doka ta hana shi zama, amma suka fito suka ba shi tazarar ƙuri'a fiye da 13,000 a kan ɗan takarar jam'iyyar Conservative, Malcolm St Clair. Ya nufi majalisa zai karɓi kujerarsa, mai tsaron ƙofa ya tare shi bisa umarnin kakaki. Daga baya kotun zaɓe ta ce tunda masu zaɓe sun san doka ta hana shi, ƙuri'unsu sun tafi a banza. Ta ɗauki kujerar ta miƙa wa wanda ya sha kaye.

A tsaya a dubi wannan da kyau. Mutum fiye da 20,000 sun faɗi wanda suke so, aka zubar da maganarsu saboda wani abu da aka ce yana yawo a jinin mutum ɗaya. Masu yabon tsarin gado sukan nuna shi kamar wata karramawa ce da ba ta cutar da kowa. Mutanen Bristol kuwa shekara biyu suka yi, wanda suka ƙi shi ne yake magana da yawunsu.

A ba St Clair haƙƙinsa, ya yi alkawarin sauka idan doka ta canza, kuma ya cika. Ranar 31 ga Yuli 1963 aka sa hannu a dokar da ta ba magaji damar ajiye sarauta iyakar rayuwarsa. Ko rabin sa'a ba a yi ba Benn ya miƙa takardarsa, shi ne na farko. A watan Agusta mutanen Bristol suka mayar da shi majalisa.

Wata uku ba su cika ba, Firaminista Harold Macmillan ya sauka saboda rashin lafiya. Jam'iyyar Conservative ta ɗauko Lord Home, magaji na 14 a wata sarautar Scotland da ta faro tun farkon ƙarni na 17. Shi ma sai da ya bi ta ƙofar da Benn ya fasa. Ya ajiye sarauta, ya koma Alec Douglas-Home, ya tafi wata mazaɓa a Scotland ya roƙi ƙuri'a. Jam'iyyar da gwamnatinta ta tsaya kai da fata aka hana Benn zama, ita ce ta fi kowa cin moriyar dokar, domin su ma sun san a 1963 ba wanda zai yarda a mulki ƙasar daga zauren da ba a zaɓa.

"Ai masu gado ba sa sata"

Wannan ce hujjar da aka fi kawowa, kuma na san inda ta fito. Wanda ya gaji da ganin ɗan siyasa ya shiga majalisa da riga ɗaya ya fito da gidaje, dole ya yi sha'awar wanda ya shigo a ƙoshe.

Sai dai mai filaye dubban eka ba ya bukatar taɓa baitulmali. Abin da yake bukata shi ne doka ta zauna yadda za ta tsare masa filayen. Daga 1815 zuwa 1846, majalisar da masu filaye suka cika ta riƙe dokar da ke tare hatsin waje don alkamarsu ta yi daraja, leburan masaƙa yana sayen burodi da tsada. A 1909 ministan kuɗi Lloyd George ya kawo kasafin kuɗi mai ɗora haraji a kan manyan filaye da masu manyan kuɗin shiga, don a biya fanshon tsofaffi da kuɗin jiragen ruwan yaƙi. Iyayen ƙasa suka yi fatali da shi. Sai da aka yi babban zaɓe sau biyu a 1910, sarki ya amince zai naɗa sababbin mutane masu yawa su rinjaye su a zauren, kafin suka haƙura da dokar 1911 da ta ƙwace musu ikon kashe ƙuduri, ta bar musu jinkirtawa kawai.

Akwai wanda ya fi wannan shafarmu mu 'yan Afirka. A 1792 Majalisar Wakilai ta amince a kawo ƙarshen cinikin bayi sannu a hankali. Da maganar ta isa ɗaya zauren sai aka shiga jan ƙafa da sunan sauraron shaidu, har ta bi ruwa. Ɗan sarki guda, Duke na Clarence, wanda daga baya ya zama Sarki William na huɗu, ya miƙe a zauren ya kare cinikin. Sai 1807 aka haramta shi. Shekara 15 ke nan jirage suna ci gaba da lodin mutane daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Ba iyayen ƙasa kaɗai ke da alhakin jinkirin ba, yaƙi da Faransa ya shigo, wakilan ma sun ja da baya. Amma ƙoshin nan da ake yabo bai sa sun ji tausayin waɗanda ake lodawa ba.

To Lord Shaftesbury fa?

Duk wanda ya san tarihin Birtaniya zai jefo mini wannan suna, kuma ya isa a tsaya a kansa. Anthony Ashley-Cooper ɗan sarauta ne gaba da baya, ya shiga majalisa a 1826. Shi ya tsaya har aka yi dokar 1842 da ta hana tura mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 cikin ramukan haƙar kwal. Shi ya shafe shekaru yana fafutukar rage wa mata da matasa lokacin aiki a masaƙu zuwa sa'a 10 a rana, abin da ya zama doka a 1847. Yaran da ake cusawa cikin bututun hayaƙin gidaje su share, shi ya bi maganarsu har 1875. Ba ni da abin faɗa a kan wannan aiki sai jinjina.

Amma aikin ramukan kwal da na masaƙu a Majalisar Wakilai ya yi shi, kafin ya gaji mahaifinsa a 1851. Da ƙudurin ramukan ya je Majalisar Iyayen Ƙasa, wa ya tare shi? Lord Londonderry, mai ramukan kwal a arewacin Ingila, shi ya ja gaba aka rage masa ƙarfi. Tsarin da ya haifi Shaftesbury shi ya haifi Londonderry, kuma iyayen yaran da ke cikin rami ba su da yadda za su riƙe ɗaya su sallami ɗayan.

Sannan Shaftesbury ya so talakawa, amma bai yarda ƙuri'a ta shiga hannunsu ba. Ya yi adawa da faɗaɗa 'yancin zaɓe a 1832, na 1867 ma bai yi masa daɗi ba. A wurinsa talaka abin tausayi ne da manya za su kula da shi. Idan an yi dace da mai tausayi, madalla. Idan magajinsa ya fito da wani hali, albasa ba ta yi halin ruwa ba, sai dai a yi ta haƙuri har Allah ya ɗauke shi.

Wani zai ce ai mu ma mun san amfanin gado. Ɗan maƙeri tun yana ƙarami yake zuga wuta, kafin ya girma hannunsa ya faɗa. Gaskiya ne. Amma idan ya ƙera maka fartanya ta karye a kunyar farko, gobe wata maƙera za ka nufa, ba wanda zai tilasta maka komawa wurinsa don kakansa gwani ne. Ɗan gidan siyasa ya fito ya nuna abin da ya koya a gida, ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a hana mutane damar sauya shi.

Ko sarautarmu ta gargajiya ba ta kai tasu rufe ido ba. A Kano masu zaɓen sarki ne ke zama su duba cikin 'ya'yan gidan. A can kuwa galibi babban ɗa namiji ne, ko ya iya ko bai iya ba. Turawan sun taɓa kafa mana makamancin zauren nasu, Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa da ke zama a Kaduna, wadda ta tafi tare da jamhuriya ta farko a 1966. Lugard kansa a Majalisar Iyayen Ƙasa ya ƙare, bayan an ba shi sarauta a 1928. Ba martabar sarauta nake ja da ita ba, tana da wurinta. Maganata a kan kujerar yin doka ce.

"Shi ma Benn ai ɗan gata ne"

Ƙwarai kuwa. Makarantar Westminster ya yi, ta 'ya'yan manya, daga nan ya wuce Oxford. Kakanninsa biyu sun yi majalisa, mahaifinsa ya yi minista, ɗansa Hilary Benn ma ya yi. Da ya gajarta sunansa daga Anthony Wedgwood Benn zuwa Tony Benn a shekarun 1970, abokan hamayya sun yi ta yi masa shaguɓe cewa yana kwaikwayon talaka. Ajiye sarauta bai mayar da shi talaka ba, kuma ba shakka sunan gidansu ya buɗe masa ƙofofin da ɗan direban bas ba zai samu a buɗe ba.

Siyasarsa ma ba kowa ta yi wa daɗi ba. Ya riƙe ma'aikatun gidan waya, fasaha, masana'antu da makamashi, kuma kullum yana ƙara karkata ga ra'ayin gwamnati ta mallaki manyan kamfanoni. A 1981 ya ƙalubalanci Denis Healey a kujerar mataimakin shugaban jam'iyya, ya faɗi da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Har yau akwai 'yan Labour da ke ɗora masa wani kaso na alhakin shekara 18 da jam'iyyar ta yi a wajen mulki, daga 1979 zuwa 1997. Ni ma akwai ra'ayoyinsa na tattalin arziki da ban gamsu da su ba.

Duk wannan hujjata yake ƙarfafawa. A 1983 aka sake shata iyakokin mazaɓu, tasa ta ɓace, ya tsaya a Bristol ta Gabas, aka kayar da shi. Ya tattara takardunsa ya koma gida. Da ya riƙe sarautar mahaifinsa, babu wanda ya isa ya yi masa haka. A 1984 ya je Chesterfield, yankin masu haƙar kwal, ya nemi yardarsu, suka ba shi, suka ci gaba da ba shi har ya sauka da kansa a 2001. Shekara 47 ya yi a Majalisar Wakilai, babu rana ɗaya a ciki da ba ƙuri'a ce ta zaunar da shi ba. Douglas-Home da Lord Hailsham, waɗanda su ma suka ajiye sarauta a 1963, daga baya sun karɓi naɗi sun koma zauren iyayen ƙasa. Benn bai taɓa komawa ba har ya mutu a 2014, yana da shekara 88.

Batun cewa sai wanda ba ya neman ƙuri'a ne ke iya faɗin gaskiya, rayuwar mutumin nan ta isa amsa. Tun a shekarun 1950 yana cikin masu neman a ba ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka 'yancinsu. Ya soki harin da ƙasarsa ta kai Masar a kan mashigin Suez a 1956. A 2003, yana tsoho, yana sahun gaba a gagarumar zanga-zangar Landan ta ƙin yaƙin Iraƙi, alhali gwamnatin jam'iyyarsa ce ke shirin yaƙin.

Yana da tambayoyi biyar da ya ce a riƙa yi wa duk mai iko, ya maimaita su a jawabinsa na bankwana da majalisa. Wane iko kake da shi? A ina ka samo shi? Don amfanin wa kake aiki da shi? Wa ke iya tuhumarka? Ta yaya za mu rabu da kai? Mai kujerar gado zai iya ƙoƙarta amsa huɗun farko. Ta biyar ba shi da amsarta.

Ragowar 92, da waɗanda aka naɗa

A 1999 gwamnatin Tony Blair ta sallami masu gado fiye da 600 daga zauren. Don a samu dokar ta wuce, aka yi sulhu aka bar 92, aka ce na ɗan lokaci ne. A tsarin da aka yi a lokacin, idan ɗaya ya mutu sai a yi zaɓen cike gurbi a tsakanin masu sarauta. A 2016 aka yi wani irin wannan zaɓe, 'yan takara bakwai, masu jefa ƙuri'a uku. Wanda ya ci ya samu kujerar yin doka wadda ba a sa mata wa'adi ba. A 2020 mace ɗaya tilo da ta rage a cikinsu ta yi ritaya, suka zama maza zalla.

Dokar 1963 iyakar rayuwar mai ajiyewa ta tsaya, don haka da Benn ya mutu sarautar Stansgate ta farfaɗo a kan babban ɗansa Stephen. A 2021 ya shiga Majalisar Iyayen Ƙasa ta irin wannan zaɓe, ba tare da abokin takara ba. Ba na cewa mutumin bai da ilimi ko bai da kirki. Ƙanensa Hilary mutanen Leeds ne suka zaɓe shi tun 1999, kuma duk ranar da suka ga dama za su iya ƙin sa. Shi kuwa ba wata mazaɓa da aka tambaya. Sai a 2024, shekara 25 bayan "ɗan lokacin" nan, gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudurin kawar da ragowar.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Ana cewa idan an kori masu gado, waɗanda suka rage ai naɗaɗɗun firaminista ne, kuma sun fi muni. Akwai gaskiya a nan. A 2020 Firaminista Boris Johnson ya naɗa ƙanensa, ya kuma naɗa wani babban mai ba jam'iyyarsa gudummawar kuɗi duk da hukumar tantancewa ta ba da shawarar kada a yi. Zauren ya kumbura ya kai wajen mutum 800, kowa na iya karɓar sama da fam 300 duk ranar da ya halarta, ga limaman cocin Ingila 26 da kujerunsu na musamman.

To amma ciwon iri ɗaya ne: wanda aka naɗa har mutuwa shi ma ba a iya rabuwa da shi. Barin mai gado a gefensa ba zai gyara shi ba. Na yarda akwai likitoci da tsofaffin alƙalai da masana kimiyya a cikin naɗaɗɗun, waɗanda ke tace ƙudurori da kyau, kuma ƙasa na bukatar iliminsu. Ana iya samunsa ba tare da an ba kowa kujerar har abada ba.

Turawan sun san haka tuntuni. Gabatarwar dokar 1911 kanta ta ce niyya ita ce a maye gurbin zauren da wanda aka gina a kan zaɓin jama'a. A 2007 Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan a riƙa zaɓen zauren gaba ɗaya, iyayen ƙasa suka zaɓi a ci gaba da naɗi. A 2012 gwamnatin haɗin gwiwa ta kawo ƙudurin da zai sa a zaɓi kashi 80 cikin ɗari, kowa ya yi wa'adi ɗaya na shekara 15 ya tafi. Ya samu babban rinjaye a karatu na biyu, amma 'yan Conservative 91 suka yi tawaye, gwamnati ta janye shi. Shekara 15 ta yi mini yawa, kuma na fi son a zaɓi kowa da kowa. Duk da haka, wannan ƙudurin ne ya kamata majalisar ta kakkaɓe ta dawo da shi, ta rage wa'adin, ta sa ranar zaɓen farko.